Ruwan Rijiyar Malam a Jarkar Zamzam

Wata uku ke nan da dawowata daga Guangzhou, amma har yau wayata ba ta huta ba. Wannan ta kira ta ce, "Binta, yaya Chana?" waccan ta turo saƙon murya tana tambaya ko gaskiya ne na shayar da Hajiyoyi ruwan rijiya a ƙasar mutane. Rannan a gidan suna da kunnena na ji wata tana ba da labarin, har ta kai wurin da aka kwantar da mutum goma a asibiti. Babu wanda aka kwantar. Labarin nan dama gishiri ne ya yi masa yawa tun farko, ba ya buƙatar a ƙara masa, shi ya sa na ce bari in zauna in rubuta shi yadda ya faru, kowa ya huta.

Ni Bakanuwa ce, a Fagge aka haife ni. Aure ne ya kawo ni wani zango a bakin ruwa, can gaba da Badagry, shekara ashirin da biyu da suka wuce. Ina sayar da mayafai da abayoyi, mijina Malam Sani kuma tela ne. A tsakar gidanmu akwai rijiya wadda Malam ya haƙa a shekarar da na tare, kuma yana ji da ita kamar 'yarsa ta fari. Matsalarta ɗaya, ruwanta zartsi ne. Teku na kusa da mu, don haka duk rijiyar da aka haƙa a unguwar sai ka ji gishiri-gishiri a bayan harshe. Sabulu ba ya kumfa sosai, shayi ba ya daɗi, da rani kuwa abin ya fi tsanani. Ranar da na fara kurɓarsa ina amarya saura kaɗan in tofar, amma na ga yadda Malam ya zuba mini ido yana jiran yabo, sai na haɗiye na ce ma sha Allahu.

Bara ne ƙafafun Malam suka fara kumbura, har takalminsa ya daina shiga. A asibiti aka ce jininsa ya hau, kuma ƙodarsa ta gaji, ko da yake ba ta kai ga wanki ba tukuna. Likita ya ce a rage gishiri. Na ce ai tuni na daina sa shi a miya. Sai ya tambaye ni wane irin ruwa muke sha, da na faɗa masa ya ajiye alƙalaminsa.

"Hajiya, ban ce ruwan ne ya jawo ciwon ba," in ji shi. "Amma ƙodar da ta gaji ba a ƙara mata aiki. Kin cire gishiri daga tukunya kin bar shi a randa."

Muka koma ruwan leda, ashe shi ma daga rijiyar burtsatse ta bayan unguwarmu ake ɗura shi. Muka sayi matatar ruwa a Legas, ta fitar da ruwa garau kamar hawaye, amma zartsin yana nan daram. A lokacin ne tafiyata ta farko zuwa saro kaya ta taso. Alhaji Isufu, wani mutumin Maraɗi da ke zaune a Guangzhou yana yi wa 'yan kasuwarmu lodin kaya a jirgin ruwa, ya ce mini a waya akwai na'urar da ke cire gishiri, amma iri-iri ce, kowace da ƙarfinta. Ya ce in zo da ruwan kansa a auna, kada in sayi wadda za ta zama kayan ado.

Malam da kansa ya ja gugan, sai da ya huta sau biyu kafin ya fito da shi. Muka duba duk robobin gidan, babu mai murfin da za a amince da shi sai jarkar zamzam da na zo da ita daga aikin Hajji, wadda ta daɗe a wofi a saman kabad.

Na ce, "Malam, a jarkar zamzam?"

Ya ce, "Roba ce, Binta. Albarkar tuni muka shanye ta."

Na naɗe ta da leda uku da zani biyu, na cusa ta a tsakiyar babban akwati.

Daga gidanmu zuwa filin jirgi tafiyar da bai kamata ta kai rabin yini ba ce, amma sai da ta kusa cinye shi, saboda cunkoso da tsaye-tsaye. Duk ramin da mota ta faɗa sai in ji kamar murfin ne ya buɗe. A Adis Ababa na haɗu da Hajiya Ladi, ƙawar yayata, wadda ta taso daga Kano kuma ita aka damƙa ni a hannunta. Wannan ce tafiyarta ta goma sha ɗaya. Mace ce mai kirki ƙwarai, amma bakinta ba shi da birki. Tun kafin mu zauna ta kushe takalmina da jakata, ta ce wa zai je Chana da jaka mai zif ɗaya. Na ce a raina, idan wannan ta ji na ɗauko ruwan rijiya tun daga Badagry, har jikokina sai sun ji labari. Sai na ja bakina na yi shiru.

Jirgin ya daɗe a sama har na fara tunanin ko direban ya wuce garin ne. Da muka sauka kuwa, jama'a, baki ya mutu! Filin jirgin kaɗai ya isa gari. Ƙasa tana sheƙi kamar an shafa mata mai, ga mutane tuli amma babu mai ture wani. Aka ɗauki hoton yatsuna, jami'in ya dubi fasfo ya dube ni, ya sake duban fasfo, ni kuwa na yi ta murmushi har kumatuna suka gaji. Ya buga hatimi. Na ce alhamdu lillahi, ashe da saura.

A wurin duba kaya akwatina ya shiga na'ura ya fito, sai wata jami'a ta ɗaga hannu. Aka buɗe, aka warware zannuwa, ga jarka da rubutun Larabci a jikinta. Ta nuna ta tana tambaya da Turanci. Ta yaya zan bayyana wa Basiniya rijiyar Malam? Kafin in haɗa kalma biyu, Hajiya Ladi ta ture ni ta shige gaba.

"Holi wota! Makka, Makka!" tana yi tana ɗaga hannu sama.

Jami'ar ta buɗe, ta sansana, ta kira wani ya duba, suka yi 'yan maganganu, sai ta rufe ta miƙo mini da hannu biyu. Muna fita Hajiya ta dafa ni, fuskarta kamar an yi mata bushara.

"Ashe da abin arziki kika zo, shi ne kika yi gum?"

Na yi wata irin dariya mara gishiri. Na ce a raina idan mun isa masauki zan faɗa mata. Wannan shirun shi ne laifina, kuma ba na ɗora wa kowa.

Masaukinmu yana hawa na goma sha huɗu, kusa da titin Guangyuan inda manyan kasuwannin sutura suke. Gida ne na mata 'yan kasuwa, ɗaki uku da falo, kowane lungu an jibge dilolin kaya. Mu biyu aka haɗa mu ɗaki da Hajiya Memuna, 'yar zangon Sekondi a Gana, doguwa mai sanyin magana, wadda ke sayen takalman yara. Hausarsu ba ta raba mace da namiji. Da ta ce mini, "Kai, ka zo lafiya?" sai da na waiwaya in ga ko wani namiji ne ya biyo ni. Kafin kwana biyu ni ma na fara ce mata kai, muna ta dariya.

Da yamma Hajiya Ladi ta kai mu gidan abincin wasu Musulmin ƙasar. A gabanmu wani mutum ya kama ƙullin fulawa ya yi ta ja yana ninkawa, kafin ka ce me ya zama taliya siririya. Na saki baki ina kallo. Aka kawo mana kwanuka a naɗe cikin leda, da butar shayi mai zafi, da wata roba a wofi. To ni a garinmu idan aka ajiye ruwa da roba kafin abinci, an san me ake nufi. Na naɗe hannun riga na tara hannu a kan robar na ce Memuna ta zuba mini. Hajiya Ladi ta buge mini hannu.

"Ke 'yar ƙauye, ƙona kanki za ki yi? Kwanukan ake ɗaurayewa!"

Ashe al'adarsu ce, kowa ya ɗauraye kofinsa da tsinkayen cin abincinsa da ruwan shayi, ya juye a robar. Tsinkayen nan kuwa ban iya su ba har na baro ƙasar. Taliya ɗaya nake kamawa, ita ma ta sulluɓe kafin ta iso baki. Matar mai gidan ta gaji da kallon wahalata ta kawo mini cokali mai yatsu.

Abin da ya fi ɗaure mini kai shi ne ruwan zafi. A gida, in ka ga babba na kurɓar ruwan zafi zalla, ko mai jego ce ko mura ta kama shi. Su kuwa kowa da 'yar gorar ruwan zafinsa, direba da ɗan sanda da tsohuwa mai shara, ana zufa ana sha. Na nemi ruwan sanyi, aka dube ni kamar na nemi guba. Ruwan famfonsu ma, duk kyansa, ba mai shan sa sai an tafasa. Ni da ruwa ya kawo ni ƙasar, duk inda na juya ruwa nake lura da shi. Bayinsu kuma babu buta, don haka 'yar butata ba ta rabu da jakar nan mai zif ɗaya ba, kuma wadda ta kushe jakar ita ta fi kowa aron butar.

Washegari da sassafe muka tafi kasuwar Shahe. Idan kin san Kantin Kwari, to ki ɗora Kwari a kan Kwari har sau bakwai, ki sa matakala mai tafiya da kanta. Masu turin kaya suna gudu suna ihu a ba su hanya, babura marasa ƙara suna fitowa ta bayanka kamar aljanu. Na ga mayafai kala-kala har idona ya rasa inda zai tsaya. Cikin awa ɗaya na koyi kalmomi huɗu da suka riƙe ni har ƙarshen tafiya: nihau gaisuwa, shiye-shiye godiya, lauban mai shago, meyo kuma babu. Ga Hausa ko'ina! Ka ji ta Kano, ka ji ta Damagaram, ka ji ta Kumasi, har wani Basine ya ce mini "Hajiya, zo ki gani." Daɗi ya kama ni har na manta da maganar jarka, ko kuma in ce na bar kaina na manta.

Rana ta uku, Laraba, Alhaji Isufu ya zo ya tafi da ni Liwan, tsohon gari, inda ake sayar da injuna. Ya ce in bar jarkar a gida tukuna, kada mu yi ta yawo da nauyi kafin mu sami shagon. Ya kuma gargaɗe ni cewa ranar Asabar zai rufe kwantena, abin da bai shiga ba sai wani watan ko na gaba.

Nan kalmar zartsi ta ba mu wahala. Na faɗa wa waya ta fassara, ta rubuto wani shirme da ya sa mai shago dariya. Alhaji Isufu ya gwada da Faransanci, ya gwada da guntun Sinancinsa. Wannan ya ce meyo, wancan ya ɗauko mana irin matatar da na baro a gida. Mun shiga shago ya fi goma, ƙafafuna kamar ba nawa ba. Can ƙarshen wani layi muka sami wata lauban, mace gajeriya mai furfura, tana cin gyaɗa. Na gaji da magana, sai na karɓi bironta na zana teku da igiyoyinsa, na zana rijiya a gefe, na nuna harshena na yamutsa fuska.

Ta buga tebur ta ce, "Ham-sui!"

Alhaji Isufu ya ce ruwan gishiri take nufi, ya fassara mini sauran. Ta ce ƙauyensu yana can inda kogi ke shiga teku, kuma a watannin da ruwan sama ya ɗauke, teku kan turo gishiri ya hauro kogin, har shayi ya ƙi shayuwa. Kakarta a manyan randuna take tara ruwan sama saboda haka. Na ji kamar in rungume ta. Na tsallake rabin duniya na sami wadda ta san zartsi a harshenta! Ta ce in kawo ruwan gobe, ba za ta sayar mini da komai ba sai ta auna.

Na koma masauki da la'asar ina tafe kamar ana kaɗa mini ganga. Tun daga bakin ƙofa na ji hayaniya. Na tura, ga mata cike da falo, na gidanmu da na hawan ƙasa, kowa fuska a sake. A tsakiyar tebur ga jarkata a kife, an jingina ta da kofi don ɗigon ƙarshe ya sauka.

"Ga mai ladan nan ta dawo!" in ji Hajiya Ladi. "Na san ba za ki hana ba, Binta, kunya ce ta hana ki fitowa da shi. Kowa ya samu. A tsaye muka sha, muka fuskanci alƙibla, muka sa Malam Sani a addu'a. Wallahi har gwiwar nan tawa ta saki."

Wata ta ce ita dama ta san ɗanɗanonsa, mai ɗan nauyi a harshe, ba ya ɓuya. Suka yi ta sa mini albarka. Ni kuwa na tsaya da jaka a hannu. Na shige bayi na kunna famfo don kada a ji, na yi kuka mai isata. Ina tuna Malam a bakin rijiya yana haki da igiya a hannu. Ga tsoro kuma, kada cikin wata ya ɓaci a ƙasar da ba mu san hanyar asibiti ba. Ina fitowa Malam ya kira, a can gida lokacin hantsi ne.

"Sun auna?"

Na ce, "Gobe, in sha Allahu." Ban san da me za a auna ba.

Da safe bayan mun yi sallah, na ga Hajiya Memuna zaune a bakin gado tana naɗe wata 'yar kwalba a cikin ɗankwali. Ruwan ciki bai fi rabin kofin shayi ba. Ta ga ina kallo sai ta yi murmushi.

"Nawa ne na jiya. Na taɓa kaɗan a harshe, sauran na Mma ne. Ƙodansa ya lalace, sati-sati muna kai shi wanki. Ya daɗe yana roƙo na in samo masa zamzam."

Mahaifiyarta take nufi. Na zauna a ƙasa. Ga ruwan da nake nema a gabana, amma kafin in karɓa sai na fasa wa baiwar Allah nan farin cikinta. In kuma na yi shiru, za ta ɗauki ruwan gishirin rijiyarmu ta kai wa tsohuwa mai ciwon ƙoda, ta ba ta da bismilla. Da na hango wannan, kunyar kaina ta zama ƙarama. Na kama hannunta na ja ta falo inda ake karyawa, don in faɗa sau ɗaya kowa ya ji.

Na faɗa musu komai, tun daga kumburin ƙafar Malam har murfin jarka. Hajiya Ladi ta ajiye burodinta ta yi salati har ƙarshe.

"Ruwan rijiya? Na Badagry? Ni Ladi na tashi tsaye na fuskanci alƙibla na sha ruwan rijiyar Sani tela?"

Na ce, "Ki yafe ni, Hajiya."

"A filin jirgi na ji, tsoro ne. Amma kwana uku, Binta? Bakinki ciwo yake?"

Can daga gefe wata ta ce a hankali, "Hajiya, yaya gwiwar?"

Sai falo ya fashe. Hajiya Ladi ta yi ƙoƙarin ɗaure fuska ta kasa, ta yi dariya har da hawaye, tana cewa ai niyyarsu mai kyau ce, addu'ar da suka yi wa Malam kuma ba a jarka take ba. Mutum ɗaya ce ba ta yi dariya ba. Memuna tana tsaye tana juya 'yar kwalbar a hannu.

Ta ce, "Shi ya sa. Da na taɓa a harshe na ce, kai, ashe rijiyan gidanmu ɗanɗanon zamzam ne da shi. Na yi murna. Shi Mma yake sha tun yana yarinya, shi yarana suke sha."

Dariya ta ɗauke. Ta miƙo mini kwalbar ta ce, "Mu je tare, ina so in gani da idona."

A jirgin ƙasa na ƙarƙashin ƙasa na riƙe kwalbar nan da hannu biyu a ƙirjina, ko zama na ƙi yi. A shagon muka tarar da Alhaji Isufu. Lauban ta dubi kwalbar, ta dube ni, ta tambayi Alhaji Isufu ko wannan ne duk ruwan da na ɗauko daga Afirka. Da ya ba ta labari sai da ta dafa bango don dariya. Ta juye rabi a ƙaramin kofin gilashi, ta tsoma wani abu kamar biro mai lambobi. Ta fara nuna mana na ruwan famfonsu, sannan namu. Lambar ta yi ta hawa kamar ba za ta tsaya ba. Ta ɗiga wani magani a sauran, launinsa ya juya. Ta girgiza kai, ta nuna wata farar na'ura mai kyau da na riga na ƙyalla ido a kanta tun jiya, ta ce meyo, wannan ba za ta iya da ruwanmu ba. Da ban zo da ruwan ba, ita zan ɗauka. Ta ja mu ciki ta nuna wata mummuna mai famfon tura ruwa da dogayen bututu biyu.

Ba ta tsaya nan ba. Ta cika bokiti, ta yi ta barbaɗa gishiri tana aunawa har lambar ta yi daidai da tamu, ta ba ni na ɗanɗana. Wallahi kamar ina tsakar gidanmu. Ta kunna na'urar, ta yi ta gurnani, can sai ruwa ya fara fitowa ta tiyo biyu, ɗaya na zubarwa, ɗaya na sha. Ta tara kofi ta miƙo. Na kurɓa, na jira gishirin nan na bayan harshe, bai zo ba. Na sake kurɓa. Ban san lokacin da na rangaɗa guɗa a tsakiyar kasuwar Liwan ba! Masu shaguna suka leƙo, Alhaji Isufu yana cewa, "Hajiya, a hankali, za su kira mana 'yan sanda." Memuna ma ta karɓi kofin ta sha.

Lauban ta zaunar da mu ta zuba mana ruwan zafi, wannan karon na shanye tas. Ta ce in na koma in kai ruwan ɗakin gwaji, don bironta gishiri yake gani, ba ya ganin komai da komai. Ta nuna mini yadda ake canza matatun ciki, ta sa na yi da hannuna sau uku, ta kuma ja kunnena kada in zubar da ruwan tiyo na biyu kusa da rijiya. Memuna ta ɗauki biron awo guda, ta ce gida-gida za ta bi a zangonsu. Ranar Asabar ina tsaye aka tura akwatin na'urar cikin kwantena, sai da na ga an rufe ƙofa na bar wurin. Ranar da za mu rabu kuma Hajiya Ladi ta karɓi adireshin Memuna, ta ce tana da zamzam na gaskiya a Kano, wanda ita da kanta ta ɗauko, za ta ba direbobin Kumasi su kai wa Mma. Ta cika alkawari, don Memuna ta turo mini hoton tsohuwar rungume da shi.

Na dawo da mayafai, da gorar ruwan zafi, da jarka a wofi wadda Hajiya Ladi ta sa na kankare rubutun jikinta a gabanta. Na'urar kuwa sai makon jiya ta iso. Likita ya ce ƙodar Malam ba ta ƙara lalacewa ba, a ci gaba da magani da kiyaye abinci, kada in ɗauka inji zai yi aikin asibiti. Na ce na ji.

Da aka gama haɗawa, na fito wa Malam da kujera tsakar gida. Na tara kofi na farko na kai masa. Ya yi bismilla ya kurɓa, ya riƙe a baki, ya haɗiye.

"Ina ɗanɗanon?"

"Babu. Haka ruwa yake, Malam."

"Daga rijiyata?"

"Daga rijiyarka."

Ya daɗe yana kallon bakin rijiyar. Sannan ya ce, ba tare da ya dube ni ba, "Ranar da kika tare kika ce ma sha Allahu. Na ga fuskarki, Binta. Na san bai yi miki ba."

Shekara ashirin da biyu ina zaton na ɓoye masa. Ya miƙo mini sauran kofin.

"Shanye. Kin fi ni daɗewa kina jiran sa."

Na karɓa, na ja tabarma kusa da ƙafarsa, na sha a zaune, don kada wata ta leƙo ta katanga ta ce zamzam ne.